Rumbun Azumi: Yadda Aikin Kwamitinmu Yake Tafiya a Sakkwato

Lahadi, 2 ga Maris, 2025

Bayan an tashi daga sujadar Hausa ta safiyar yau, kwamitin da Fada, limamin cocinmu na Katolika, ya kafa domin tsara azuminmu na kwana arba'in na bana ya yi zamansa na farko a rumfar da ke bayan coci, aka kuma ɗora mini alhakin rubuta yadda aikin yake tafiya daga yau har zuwa Ista, bikin tashin Yesu daga matattu, wadda za ta kama ranar 20 ga Afrilu. A cikinmu akwai Baba katekis, mai koyar da addini a cocinmu, da Mama shugabar Zumuntar Mata, da wakilan matasa, da wani dattijo mutumin ƙasar Zuru wanda ya daɗe yana sana'ar hatsi a Tsohuwar Kasuwa.

Shawarar da aka tsayar ita ce a buɗe abin da muka sa wa suna rumbun azumi. Kowane gida zai riƙa ware abin da ya rage daga tukunyarsa saboda azumi, ko gero ne, ko dawa, ko shinkafa, ko wake, ko kuɗin cefanen da ba a kashe ba, ya kawo shi coci ranar Lahadi, a tara, a kai wa masu jin yunwa. Wani matashi ma'aikacin gwamnati ya ce zai fi sauƙi kowa ya turo kuɗi ta waya a wuce wurin. Mama ta amsa masa da cewa, "Ɗana, idan ka turo daga albashinka sadaka ka yi, Allah ya karɓa, amma cikinka bai san an yi komai ba. Mu abin da muke nema shi ne tuwon da ka bari ya shiga kwanon wani." An yarda za a karɓi kuɗin aljihu daga duk wanda ya kawo, sai dai za a rubuta shi a shafi dabam, domin kada manufar aikin ta ɓace a cikin lissafi.

Maƙwabtanmu Musulmi sun ɗauki azumin Ramadan tun jiya Asabar, bayan sanarwar fadar Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Muhammad Sa'ad Abubakar III. Ke nan kusan wata guda za mu yi garin duka yana azumi, kowa bisa tafarkinsa.

Laraba, 5 ga Maris

Yau Larabar Toka, ranar da azuminmu yake farawa. Tokar da aka shafa mana a goshi ta ganyen dabinon bara ce, wanda matasa suka tattaro daga gidaje aka ƙona jiya da yamma. An karanta kiran annabi Yowel na a komo ga Ubangiji da dukan zuciya, a kyakketa zuciya maimakon tufafi, sannan aka karanta Matiyu sura 6, inda Yesu ya jera sadaka da addu'a da azumi, ya kuma gargaɗe mu kada mu yi ko ɗaya daga cikinsu domin mutane su gani. Cocin ya cika har waje, kamar yadda yakan yi kowace shekara a wannan rana, har da waɗanda ba a cika ganinsu ba ranar Lahadi.

Bayan sujada matasa suka tsare Baba katekis da tambayoyi, kuma na ga ya kamata amsarsa ta shiga wannan littafi, domin tambayar takan dawo kowace shekara. Sun ce abokansu na makaranta da na kasuwa suna tambayarsu wane irin azumi ne wannan da ake shan ruwa a cikinsa. Baba ya bayyana musu cewa dokar Ikilisiyar Katolika, kamar yadda Fafaroma Bulus na Shida ya tsara ta a 1966 kuma ta shiga kundin dokokin Ikilisiya na 1983, ta wajabta azumi a ranaku biyu, wato Larabar Toka da Jumma'a Mai Tsarki, ranar tunawa da gicciye Yesu, ga wanda ya cika shekara 18 har zuwa shiga shekara ta 60. A waɗannan ranaku ana cin cikakken abinci sau ɗaya ne, da ɗan abin taɓawa sau biyu, kuma ruwa ko magani ba ya karya shi. Barin nama kuwa yana kan duk wanda ya cika shekara 14, a Larabar Toka da kowace Jumma'a ta wannan lokaci. Ya ƙara da cewa wannan shi ne mafi ƙarancin abin da aka nema, kuma ƙofa a buɗe take ga wanda yake da ƙarfin yin fiye da haka, kamar yadda da yawa daga cikin iyayenmu suke wuni ba su ci komai ba sai rana ta faɗi. Sun kuma tambayi yadda aka samu arba'in, alhali daga yau zuwa jajiberin Ista kwana 46 ne. Ya ce a cire ranakun Lahadi shida, domin Lahadi ranar tashin Ubangiji ce, ba a azumi a cikinta.

Jumma'a, 7 ga Maris

Karatun yau daga Ishaya sura 58 ne, kuma da a ce mun nemi nassin da za mu kafa aikinmu a kansa, da ba mu sami wanda ya fi shi ba. Annabin ya tsawata wa mutanen da suke azumi suna kuma zaluntar ma'aikatansu, suna faɗa da juna, sannan ya ce azumin da Allah yake so shi ne a kwance sarƙar zalunci, a raba abinci da mayunwaci, a shigo da marar mafaka cikin gida, a suturta wanda ba shi da sutura. Da yamma muka bi Hanyar Gicciye, addu'ar tuna tafiyar Yesu zuwa inda aka gicciye shi, muka tsaya a wurarenta goma sha huɗu, sannan kwamiti ya zauna a kan wata matsala da ta fito tun kafin a fara tarawa.

Matsalar ita ce maganar nama. Sakkwato ƙasar dabbobi ce, amma gidaje da yawa a cikinmu sukan yi mako biyu ko uku nama bai shiga miyarsu ba, saboda haka cewa su bar nama ranar Jumma'a bai taɓa su ba ko kaɗan. A gefe guda kuma akwai masu hali waɗanda sukan bar naman miya su sayi babban kifi na Yawuri ko ɗanye daga Kwalkwalawa, wanda sau da yawa kuɗinsa ya fi na naman da suka bari. Na farko bai rasa komai ba, na biyu kuma ya ƙara jin daɗi ne, kuma babu ko ƙwaya ɗaya da za ta shigo rumbu daga ɗayansu. A ganina wannan ita ce tambaya mafi nauyi a cikin aikin duka, domin ana iya cika doka daidai wa daida ba tare da an hana wa kai komai ba.

Fada ya ce dokar tana nan yadda take, amma kowane gida ya zauna ya nemo abin da barinsa zai yi masa zafi da gaske. Daga nan shawarwari suka yi ta fitowa. Wasu sun zaɓi sukari da madarar shayin safe, wasu tsire da balangun dare, wasu lemon kwalba, wasu goro. Matasa sun ambaci kuɗin data da kuɗin gidan kallon ƙwallo. Maza biyu sun yi alkawarin barin giya har zuwa Ista, kuma ba sai an faɗa ba, matansu ne suka fi kowa murna da wannan alkawari. Wata uwa ta ce gidanta ba su da abin da za su bari sai tuwon dare, kuma ba za ta hana yara ba. Mama ta ce mata kada ta taɓa abincin yara ko kaɗan, ta ɗebi danƙi ɗaya kawai daga garin da za ta tuƙa wa manya, ta zuba a wani kwano dabam. An ɗauki wannan a matsayin ƙa'ida ga duk gidan da hannunsa bai kai ba.

Lahadi, 9 ga Maris

An yi tarawar farko bayan karatun gwajin Yesu a jeji daga Luka sura 4. Abin da ya shigo bai cika rabin buhu ba, galibinsa gero da garin masara a ƙananan ledoji. Dattijonmu mai hatsi ya auna komai da tiya, na rubuta, ba tare da sunan kowa ba. Da ya ga fuskokin matasa sun canza, sai ya ce musu da yayyafi kogi kan cika.

Lahadi, 16 ga Maris

Zafi ya kankama. A irin wannan lokaci ma'aunin zafi a Sakkwato yakan haura digiri 40 da rana, kuma a makon nan an kai wata dattijuwa daga cikinmu asibiti bayan ta wuni ba ci ba sha alhali tana da ciwon suga. Ta samu sauƙi, an sallame ta, amma al'amarin ya sa Fada ya yi magana a fili daga kan bagade. Ya ce marasa lafiya, da masu juna biyu, da masu shayarwa, da tsofaffi, da masu aikin ƙarfi a rana kamar leburorin gini da 'yan dako, ba a ɗora musu azumin abinci ba, kuma wanda likita ya ce ya ci abinci kafin ya sha magani, biyayya ga likitan ita ce ibadarsa. Masu gyambon ciki ma haka. Ya roƙe su su nemi wata hanyar hana wa kai, kamar kame harshe, da ziyartar wanda ya fi su jin jiki, da ƙara lokacin addu'a.

Na lura cewa ba taurin kai ne ya sa dattijuwar ta yi haka ba. Tana zaune ne a gidan haya da maƙwabta masu azumin Ramadan, tana ganin har 'yan mata ƙanana suna wuni ba su sha ruwa ba, sai ta ji nauyin a ga tana ci. Wannan kunya tana da kyau ta wani ɓangare, domin ita ce take hana mu ci ko sha a bainar jama'a a wannan wata, kuma ladabin zaman tare ke nan. Amma azuminmu ba gasa ba ce da na kowa, kuma Mama ta ɗauki nauyin zagaya gidajen tsofaffi ta faɗa musu haka da bakinta.

Tarawar yau ta ninka ta makon jiya. Gidaje da dama sun kawo kuɗin ƙanƙarar da suka daina saye, wadda farashinta kan tashi a watan azumi, suka koma shan ruwan randa.

Lahadi, 23 ga Maris

Mun yi godiya ga Allah da labarin cewa an sallami Fafaroma Francis daga asibitin Gemelli da ke Roma, inda yake kwance tun 14 ga Fabrairu.

Zaman yau shi ne mafi tsawo kuma mafi zafi tun da muka fara, domin an zo kan tambayar wa za a ba. Wasu sun ce a fara da na gida, tunda akwai gwauraye da marayu a cikin coci waɗanda kowa ya san halin da suke ciki, kuma hatsin daga tukwanen 'yan coci ya fito. Hujjarsu tana da ƙarfi, kuma babu wanda ya raina ta. Wasu kuma suka tuna mana da iyalan da suka gudo daga ƙauyukan Sabon Birni da Isa da Rabah saboda 'yan bindiga, waɗanda suke zaune a kangaye a bakin unguwarmu, mata da yara galibinsu, suna azumi babu abin sahur babu na buɗa baki. Kusan dukansu Musulmi ne. Wani ya nuna tsoron kada a ɗauka muna neman janye mutane daga addininsu da abinci, kuma wannan tsoro ba na banza ba ne a garin da kowa ya san yadda ƙaramar magana take iya zama babba.

Baba katekis ya saurari kowa, sannan ya ce, "'Ya'yana, Ishaya bai ce a tambayi mayunwaci inda yake sujada ba. Yunwa za mu duba." Ni ma ra'ayina ke nan, kuma na faɗe shi a zaman. Idan abin da muka hana wa kanmu ya tsaya a tsakaninmu kawai, to mun yi adashi ne, kuma adashi abu ne mai kyau, amma ba shi muka ce za mu yi ba.

A ƙarshe an tsayar da cewa za a raba kashi biyu, ɗaya ga mabuƙatan cikin coci ta hannun Zumuntar Mata, ɗaya ga 'yan gudun hijira ta hannun mai unguwa, wanda ya fi mu sanin wane ne ya fi buƙata, kuma shigarsa cikin lamarin za ta kawar da zargi. Ba za a ɗauki hoto ba, ba za a sa komai a Facebook ko WhatsApp ba, ba za a rubuta sunan coci a jikin leda ba, ba kuma za a yi wa kowa wa'azi a wurin rabo ba. Matasa sun so a bar maganar hoto domin a ƙarfafa wa masu bayarwa gwiwa, amma Fada ya tuna musu da abin da aka karanta mana ranar toka, cewa kada hagu ta san abin da dama take yi.

Dattijonmu ya duba waken da aka tara ya ga ƙwari sun fara huda wani sashe. Ya hana a sa masa maganin ƙwari, tunda ci za a yi nan kusa. An shanya shi a rana, an sheƙe, an ɗura a jarkoki masu tsabta har baki, an toshe yadda iska ba za ta shiga ba, domin ƙwarin ba sa rayuwa idan iska ta ƙare musu.

Alhamis, 27 ga Maris

Da safiyar yau Baba katekis da dattijonmu suka kai kason 'yan gudun hijira gidan mai unguwa a cikin keke napep, domin ya isa gare su kafin Sallah. Baba ya ce masa, "Ranka ya daɗe, ɗan abin da muka rage ne daga azuminmu, a ba waɗanda suka fi buƙata." Mai unguwa ya karɓa da hannu biyu, ya yi addu'a, ya ce matansa za su raba da dare yadda ba za a taru a ƙofar gida ba.

Da yamma aka yi sujadar tuba, wasu Fada biyu suka zo daga maƙwabtan coci suka taimaka wajen sauraron masu furta zunubi har bayan ƙarfe tara. Akwai wani abu da ba ya aunuwa da tiya amma ya cancanci a rubuta shi. Gidaje biyu na cikinmu da suka shekara ba sa gaisawa saboda rikicin bashi sun zauna a gaban Mama da Baba, mai bin bashin ya yafe rabi, wanda ake bi ya yi alkawarin biyan sauran kaɗan-kaɗan bayan girbi. Mai yafewar ya ce ya kasa ci gaba da kawo gero domin baƙi alhali yana matsa wa ɗan'uwansa da ke zama a benci ɗaya da shi.

Lahadi, 30 ga Maris

Yau Lahadi ta huɗu, wadda ake sassautawa a cikinta saboda an wuce tsakiyar azumi, aka kuma karanta labarin ɗan da ya ɓace ya komo gida daga Luka sura 15. Ta zo daidai da Ƙaramar Sallah, domin jiya da dare aka sanar da ganin watan Shawwal. Muna kan hanyar coci jama'a suna ta ɗunguma zuwa Faƙon Idi da sauran filaye, muna yi musu barka da Sallah suna amsawa. Kafin azahar kwanukan tuwo da waina da nama sun shigo gidajenmu daga maƙwabta, kuma tunda Lahadi ce babu wanda ya shiga ruɗu game da ci.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne zakkar fidda kai da na ga maƙwabcina yana aunawa jiya, mudun Annabi huɗu a kan kowane mutum na gidansa har da jariri, daga irin hatsin da suke ci, a fitar kafin sallar Idi. Ma'auni ne sananne da lokaci sananne, babu wanda zai ce ya manta. Namu an bar shi ga zuciyar kowa, wanda yake da kyau ga mai himma, amma yana ba mai sanyin jiki hanyar zamewa. Zan kawo shawara a zama na gaba cewa badi kowane gida ya yanke wa kansa ma'auni tun ranar toka, ya faɗa wa Allah, ya riƙe shi.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Tarawar yau ta faɗi ƙasa da ta kowace Lahadi in ban da ta farko. Dalilan a fili suke. Garin ya koma cin abincinsa da rana, masu tsire da masu shayi sun buɗe, zafi ya kai maƙura, kuma ɗokin makon farko ya wuce. A lokacin Ramadan yanayin gari ne yake ɗauke da mu ba mu sani ba, yanzu kuwa sai wanda ya ƙudurta. Ban ga abin zargi a nan ba, amma na roƙi Fada ya ambaci lamarin, ya kuma yi haka a taƙaice bayan karatun Yahaya sura 8. An lulluɓe gicciye da siffofin cikin coci da shunayyar yadi har zuwa Mako Mai Tsarki.

Zumuntar Mata ta gama raba kason cikin coci. Mama da mataimakiyarta ne kaɗai suka san gidajen, kuma sun kai ne bayan magariba.

Talata, 15 ga Afrilu

Shekaranjiya aka yi Lahadin Dabino. Ganyen dabinon bai wadata ba, sai aka cika da kaba, aka kuma roƙi kowa ya adana nasa domin tokar badi. Tarawar ta farfaɗo sosai, har wasu da ba su taɓa kawowa ba suka zo da tiya biyu ko uku a lokaci guda. Bana Kiristocin Gabas da na Yamma za su yi Ista a rana ɗaya, a shekarar da ake cika shekara 1700 da taron shugabannin Ikilisiya da aka yi a Nikiya a 325, wanda ya tattauna batun ranar Ista, kuma Baba ya ce zai yi wa masu shirin baftisma bayanin wannan kafin daren Asabar.

Kwamiti ya zauna yau a kan abin da ya rage. An tuna wa kowa cewa kuɗin da ake tarawa ranar Jumma'a Mai Tsarki na taimakon Ƙasa Mai Tsarki ne, wato ƙasar da Yesu ya rayu, a duk cocin Katolika na duniya, saboda haka ba za a ajiye kwandon rumbu a ranar ba, kuma abin da gidaje suka rage daga azumin Jumma'ar sai su kawo shi ranar Asabar da safe. Za a yi rabo na biyu a ranar kafin la'asar, a kan tsarin na farko, domin gidajen gwaurayen su samu abin girkin Ista.

Dattijonmu ya kawo wata shawara da ta sauya lissafinmu. Ya ce yunwa ta gaskiya a ƙasar nan ba a Afrilu take ba, tana zuwa ne daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da aka yi shuka, hatsin bara ya ƙare, sabo bai nuna ba, farashi kuma ya hau. Ya ba da shawarar a yi amfani da kuɗin da ke shafi na biyu a sayi gero yanzu a ajiye, a haɗa da sulusin abin da ke hannu, a buɗe shi a tsakiyar damina. An amince, da sharaɗin Fada ya sa hannu, kuma a samu ɗaki marar yoyo da katakon da za a ɗora buhunan a kai. Matasa za su duba ƙaramin ɗakin ajiyar da ke bayan ofishin coci gobe Laraba, ni da dattijon kuma za mu shiga kasuwa jin farashi ranar Alhamis da safe, mu dawo kafin sujadar wankin ƙafa.